Abin da Ruwan Maga Ya Koya Mini Cikin Shekara 16

A ƙarshen makon jiya na miƙa makullin ɗakin bindigogi da na ma'ajiyar man jirgi ga wanda zai gaje ni, bayan shekara 16 ina aikin jagoran baƙi a sansanin farauta da kamun kifi da ke bakin tafkin Maga, a arewacin Kamaru. Abokan aiki sun nemi in rubuta wani abu domin samarin da ke shigowa sana'ar, kuma na san abin da suke tsammani shi ne bayanin inda giwan ruwa ke kwanciya da lokacin da dinya, wato babbar agwagwar daji, ke sauka. Wannan duk wanda ya yi hunturu biyu a kan ruwan zai san shi ba sai na faɗa masa ba. Abin da ya zama mini wajibi shi ne in faɗi abin da ya faru wata asuba a watan Janairun 2017, domin har yau akwai masu ba da labarin ba yadda yake ba, kuma takardar da ke ajiye a ofis ma ba gaskiya ta faɗa ba, ko da yake da sa hannuna a ƙasanta.

Kowa ya san ba domin mafarauta aka yi wannan tafki ba. A 1979 aka ja madatsar daga Pus zuwa Girbidik, tsawon kilomita 27, domin a shayar da gonakin kamfanin noman shinkafa na gwamnati, SEMRY, sannan masunta suka cika gaɓa, Musgum da Kotoko da Hausawa, kowa da kallinsa, wato ragar kamun kifi, da mamarinsa, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi. Su ne ke kwana su tashi a ruwan, mu kuwa da baƙinmu 'yan ci-rani ne, kamar ƙananan agwagin nan da ke ƙetaro Sahara daga Turai wajen watan Oktoba, su ci 'ya'yan bado su yi ƙiba, su koma a watan Maris. Dattijon da ya koya mini aiki a 2009 bai fara da bindiga ba. Ranar farko goro ya ba ni, ya tura ni wurin sarkin ruwa in sanar da shi wace ƙurya za mu tsaya gobe, domin a hana yara zuwa duba ƙugiyoyi a wurin sai hantsi ya ɗaga. Da asuba kuma mukan kafa gora mai farin ƙyalle a bakin ciyawa, duk mai kwalekwalen da ya hango shi ya san ana harbi. Babu dokar gwamnati da ta rubuta wannan, amma shekara takwas ban taɓa tsallake shi ba.

Al'amura sun sauya bayan watan Fabrairun 2013, lokacin da aka sace iyalin nan Faransawa su bakwai a kusa da Dabanga. Turawan da ke zuwa kowane hunturu, waɗanda galibinsu tun a ƙasashensu an hore su da ƙa'idar riƙe bindiga, suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Sansanin ya koma dogaro da manyan mutane na cikin gida da na Njamena, masu zuwa kwana ɗaya ko biyu, wasu sun iya harbi sosai, wasu kuwa ranar ce suka fara ɗora bindiga a kafaɗa. A wannan halin aka kawo mana sabon manaja, mutumin da bai taɓa kwana a kwalekwale ba, wanda abin da ya sani kawai shi ne kada baƙo ya tafi da ɓacin rai.

A daren da nake magana, baƙi uku suka iso bayan sallar isha'i. Tun da la'asar na riga na gaya wa sarkin ruwa cewa a yammacin tafki za mu tsaya, amma babban cikinsu ya ji labarin dinya na taruwa a wata ƙurya ta gabas, ya ce can yake so. Na ce wa manaja, "Yallaɓai, ba a sanar da mutanen wancan gefen ba, a bari in je yanzu ko a ɗaga zuwa jibi." Ya amsa mini a gaban baƙin cewa ba zai ƙona mai domin gaisuwar ƙauye ba, kuma ba masunta ke biyan albashina ba. Na ce, "To, yallaɓai." Wannan kalmar ce kuskurena na farko. Na buga wa ɗan sarkin ruwa waya sau ɗaya, ba ta shiga ba, na kwanta. Da na ɗauki ƙaramin kwalekwale na tuƙa da hannu, da ban wuce minti 40 ba na isa, kuma na san haka a lokacin da nake jan bargo.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, shi ne kuma wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Mun isa wurin gari bai waye ba, hazo ya sauko har ba a ganin abin da ya wuce taku 30. Ina cusa jirgi cikin ciyawa sai gorata ta taɓa wata robar mai da ke yawo a kan ruwa, na haska na ga igiya ɗaure a wuyanta, na ga wata a gabanta, da wata. Mamari ne aka shimfiɗa domin tarwaɗa, kuma duk ɗan bakin ruwa ya san mai mamari da asuba yake zuwa kafin kifin ya mutu a ƙugiya. Na gane sarai cewa akwai wanda ke tafe. Na dubi baƙon nan yana ɗura harsashi yana dariya da abokansa, na tuna fuskar manaja, sai na kafa farin ƙyallen da babu mai iya hango shi a cikin wannan hazo, na ce musu kawai su riƙa harbi sama.

Ba a jima ba garken ƙirinjijiya ya taso da fitonsa, ƙasa-ƙasa, kusan yana shafar kan ciyawa. Baƙon ya bi su da bakin bindiga har ya miƙe daidai da ruwa, ya saki. Wanda bai san bindigar tsuntsaye ba yana zaton harsashi ɗaya ne ke fita, alhali ƙwayoyin dalma ne kusan 200 ke watsuwa lokaci guda, waɗanda ba sa kashe agwagwa in ta wuce mita 40, amma suna iya tafiya fiye da mita 200, kuma in sun daki fuskar ruwa sukan yi tsalle su ci gaba. Ƙarar da muka ji daga bayan ciyawa ba ta tsuntsu ba ce. Na faɗa ruwa har ƙirji na kutsa, na tarar da yaro ɗan shekara 12 zaune a cikin kwalekwalensa, tarwaɗa uku na motsi a gindin ƙafarsa, ya dafe fuska da hannu biyu, jini na bin tsakanin yatsunsa. Bai yi kuka ba. Abin da ya riƙa maimaitawa shi ne kada in bar gorarsa ta tafi, domin ta babansa ce.

Ni na rungume shi a bayan mota tsawon kilomita 80 har Marwa. An ciro ƙwayoyin da ke kafaɗarsa da wuyansa, amma idon hagu bai tsira ba. Kafin in dawo washegari baƙin sun riga sun kama hanyar kudu, an ce sun bar ambulan na kuɗi a hannun manaja. Na tarar da rahoto a rubuce da Faransanci yana jirana, wanda ya ce jagora ne ya sauya wurin harbi da ra'ayin kansa ba tare da sanin hukumar sansani ba, babu sunan wanda ya harba, babu ambaton abin da aka faɗa a daren. Manaja ya ce in na sa hannu magana ta mutu, in na ƙi kuwa sai dai in yi wa jandarmomi bayani ni kaɗai, domin mutumin ya fi ƙarfinmu duka. Matata na da tsohon ciki, yara uku na makaranta. Na sa hannu. Aka riƙe albashina na wata uku da sunan kuɗin magani, daga baya na ji daga bakin mahaifin yaron cewa abin da ya isa hannunsa bai kai rabin wannan ba, ambulan kuwa bai ma san da zancensa ba. An bar jaki an daki taiki, kuma taikin da kansa ya yarda a dake shi, wannan ne abin da har yau yake ci mini rai fiye da kuɗin.

Bayan mako biyu na tafi gidansu, ina sa ran zagi ko duka, kuma da an yi mini da na ji sauƙi. Dattijon na zaune yana gyaran kalli, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Na ce, "Baba, na zo neman gafara." Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ɗana, na san ba kai ka harba ba. Amma wancan ba mu san shi ba, manajanku ma ba mu san shi ba. Kai muka sani, domin kai ke kawo mana goro." Babu abin da aka taɓa faɗa mini game da aikin jagora da ya kai wannan. Baƙo yana biya ya tafi, manaja ana sauya shi, wanda ke tsaye a gindin jirgi shi ne mutanen ruwa suka ba amanar 'ya'yansu, kuma ikon cewa a sauke bindiga yana hannunsa ko an rubuta masa shi ko ba a rubuta ba. Ina da wannan iko a wannan asuba, na ƙi amfani da shi saboda tsoron mutumin da ko shekara biyu bai ƙara a wurin ba aka ɗauke shi, da ƙarin girma kamar yadda na ji.

Wasu sun tambaye ni dalilin da ya sa ban bar aikin tun lokacin ba. Buƙata na ciki, ba zan ɓoye ba, amma kuma na ga in na tafi wanda za a kawo ba zai ma san da zancen goro da farin ƙyalle ba. Daga wannan shekara zuwa ranar da na ajiye makulli, ba a sake tayar da bindiga a jirgina a wurin da ban taka da ƙafata na sanar ba, ba a kuma yi harbi a cikin hazon da ba na iya ganin ƙyallena daga mita 100. Sau huɗu na juya jirgi da baƙi a ciki muka dawo ba a harba ko ɗaya ba, sau biyu aka yi mini barazanar kora. Ga shi da kaina na tafi, kuma babu wani ɗan masunci da ya sake zubar da jini a hannuna.

Sauran abin da zan gaya wa masu tasowa kaɗan ne. Ku riƙe littafinku na kanku, ku rubuta wanda ya ba da umarni da sa'ar da ya ba da shi, kada kuma ku sa hannu a takardar da ba a ba ku kwafinta ba. Kada ku kai mai fatsa ruwa daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da aka hana masunta su domin kifi ya hayayyafa, ko da ya ce wasa yake yi, domin idon mutanen da aka hana neman abinci yana kanku. Ƙaramin giwan ruwa a mayar da shi. Dorina mai ɗa ba a kusantarta domin hoto. Dalmar da muke watsawa a tabo agwagi na haɗiye ta a matsayin tsakuwa ta kashe su a hankali, shi ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da ita tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a fadamu a 2023. Na yi shekaru ina roƙon a sayo mana harsashin ƙarfe, kullum amsar ita ce ya yi tsada.

Yaron yanzu ya zama saurayi, yana sayar da banda a kasuwar Pus ranar Talata, kuma in ya hango ni shi ke fara gaishe ni, yana kirana kawu. Da shi da mahaifinsa zan fara harkar sayen kifi daga watan gobe, da ɗan abin da na tara. Kafin in fito daga ofis ranar ƙarshe na nemi a ba ni wannan rahoto na 2017, ko a bari in rubuta gyara a bayansa, sai aka ce mini takardar hukuma ce, ba a taɓa ta. Gorar da farin ƙyallen na bar wa magajina a bayan ƙofar ma'ajiya, na kuma kai shi da kaina wurin sarkin ruwa ya gaishe shi.