Neman izinin amfani da salon haruffan hukuma: abin da aiki ya koya mana

Masu zane a kwamfuta a nan Sakkwato, masu yin kalanda da katin aure da bangon littafi, sun saba da jin wannan magana: "Malam, irin rubutun nan na takardar hukuma nake so." Abu na farko da aiki ya koya mana shi ne kuɗin gwamnati da aka kashe a kan salon haruffa bai mai da shi na kowa ba. Salon GDS Transport na gwamnatin Birtaniya an keɓe shi ga shafukan gov.uk kaɗai. Marianne, wanda Faransa ta fitar a 2020, na hukumominta ne. Johnston, wanda Edward Johnston ya zana wa jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan a 1916, har gobe yana hannun hukumar sufurin birnin. Dalilin hanin mai nauyi ne: da haruffan nan jama'a ke gane takardar gaske, kuma ɗan damfara da ya same su ya sami rabin hatimi.

Kafin a rubuta wasiƙa, a gano waye mai abin. Sau da yawa hukumar ma lasisi ta saya daga kamfanin da ya zana, don haka ba ta da hurumin ba wani, ko da jami'in ya so. A Windows, danna fayil ɗin haruffan sau biyu yana nuna sunan salon, a cikin bayanansa kuma akwai mai haƙƙin mallaka. Idan kamfani ne, can za a nufa.

Wasiƙar da ke cewa "don amfanin kaina" kawai ba ta cika samun amsa ba. A faɗi sunan salon, mai kauri ake so ko siriri, kwamfuta nawa za a sa wa, me za a buga, kwafi nawa, za a sayar ko a'a, har zuwa yaushe. A haɗa da samfurin aikin. Idan hukumar gida ce, a kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da shi. Izinin baki ba ya tsare kowa ranar da aka yi wa jami'in canjin wurin aiki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, amma bayani take bayarwa, ba lasisi ba.

Inda mu masu rubutun Hausa muka fi shan wuya shi ne bayan an sami izinin. Yawancin waɗannan salon ba su da ƙ, ɗ, ɓ da manyansu. Ka rubuta "ƙasa", sai kwamfuta ta aro ƙ daga wani salon ya fito a karkace, ko ta sa akwati a gurbinsa. Zana harafin da kanka a cikin fayil ɗin kuwa gyara ne, kuma yawancin lasisi sun hana. Saboda haka tambayar haruffa masu lanƙwasa ita ya kamata ta fara zuwa a wasiƙar. Ciro haruffa daga PDF ma wahalar banza ce, don galibi waɗanda aka yi amfani da su kaɗai ke ciki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne miƙa wa maɗaba'a fayil ɗin haruffan a filas, wanda rarraba salon ne ga wanda ba a ba izini ba. Maimakon haka, a manhajar zane ta CorelDRAW a zaɓi rubutun a danna Ctrl+Q ya koma zane, amma a ajiye kwafin asali, don daga nan ba ya gyaruwa.

Idan an ƙi, akwai salon haruffa masu lasisin OFL, wato buɗaɗɗen lasisi da ke halatta amfani da gyara: Public Sans na gwamnatin Amurka, da Andika da Charis masu ɗauke da haruffanmu duka. Mai aikin ajami kuma ya duba Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na Kano.