Haƙƙin Masu Naƙasa a Legas da Tazarar da ke Tsakaninsa da Mutanenmu

Jihar Legas ta riga gwamnatin tarayya kafa dokar kare masu naƙasa. A 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, aka zartar da dokar da ta haifar da hukumar kula da al'amuran masu naƙasa ta jihar, wato LASODA, wadda aka ɗora wa alhakin yi wa masu naƙasa rajista da bin kadin haƙƙinsu idan an tauye. Dokar tarayya kuwa sai a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu, kuma ita ce ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu yadda keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, amma har yanzu matattakala ce ke tarbar gurgu a ƙofar gine-gine da yawa na wannan birni.

Abin da ya fi damuna shi ne manyan mutane masu naƙasa daga cikin Hausawa mazauna Legas, magidanta da iyaye mata, waɗanda aka yi waɗannan dokoki dominsu, amma yawancin waɗanda nake zama da su ba su taɓa jin labarinsu ba. Wuraren taimako kuwa akwai su. Asibitin ƙashi na Igbobi yana yin ƙafar roba, yana kuma gashin ƙashi ga wanda hatsari ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. A Oshodi akwai cibiyar koyar da makafi sana'a, inda wanda ya rasa ganinsa da girmansa zai koyi rubutun makafi da tafiya da farar sanda ba tare da ɗan jagora ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin al'amari ba ne, domin duk makahon da ya iya kai kansa inda yake so, to ya 'yantar da yaron da ke riƙe masa sanda, yaron da ya kamata a ce yana aji a wannan lokacin.

Akwai wani bawan Allah da ke gyaran takalma a Agege, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana yaro. A kan wani katako mai ƙananan tayoyi yake zuwa wurin sana'arsa, ya zura silifa a tafin hannuwansa yana tura kansa a gefen kwalta, tsakanin 'yan acaba da motocin danfo. Da na yi masa maganar rajista da hukumar LASODA, sai ya ce: “Malam, wa zai shiga da ni? Ni ba Turanci ba, ba Yarbanci ba.” Bayan matsalar harshe akwai ta takardu, tunda ofisoshi kan nemi katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas, ko lambar shaidar ɗan ƙasa, alhali mutum yana kwana a rumfar kasuwa ba shi da adireshin da zai rubuta. Sannan akwai tsoro. Gwamnatin jiha tana kwashe mabarata daga tituna zuwa cibiyoyin gyaran hali irin ta Majidun da ke Ikorodu, saboda haka har wanda bai taɓa bara ba yana ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi hukuma.

A ganina, gadar da za ta haɗa mutanenmu da waɗannan wurare tana hannunmu. A gidan Oko-Baba da ke Ebute Metta, inda 'yan Arewa masu naƙasa suka daɗe da zama da iyalansu, akwai sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, kamar yadda aka saba a garuruwan Hausa, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin mabiyansu. Da sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 za su haɗa kai da su, su nemi hukumar LASODA ta riƙa zuwa unguwanni da tafinta tana yin rajista a ƙofar fada, da mutane da dama sun fito. Matasanmu da suka yi boko za su iya ɗaukar nauyin cike takardu da rakiya zuwa asibiti.

Masallatanmu ma suna da nasu aikin. Muna gina su da matattakala masu tsawo da wurin alwala mai santsi, sannan mu bar gurgu yana salla a waje kusa da takalma. Gangaren siminti a ƙofa ɗaya ba zai gagari kwamitin da ya iya sayen janareta ba. Haka kuma sadakar da ake rabawa naira ɗari-ɗari ranar Juma'a, da za a tara wani kaso nata a hannun amintattu, za ta sayi keken guragu, ko ta biya kuɗin motar makaho zuwa Oshodi har ya kammala koyon sana'arsa.