Na Je Indiya Duba Garin da Ƙanwata Za Ta Yi Karatu

Shekaranjiya na sauka Kano, har yanzu ƙamshin shayin Hyderabad bai bar hancina ba. Baba ne ya tashe ni, ya ce kafin a biya wa ƙanwata kuɗin karatun haɗa magunguna in je in gano da idona, don mai yi mana hanyar kullum maganarsa ɗaya ce, wai Indiya duk Indiya ce. Wallahi ba haka ba ne.

A Delhi na fara sauka, cikin Nuwamba. Na ɗauka hazo ne irin na hunturunmu, ashe hayaƙi ne, mai yaji a ido da maƙogwaro. Ƙanwata kuwa tana da asma. Na wuce Greater Noida da ke jihar Uttar Pradesh, inda yaranmu suke da yawa. Gine-ginen makarantu ba laifi, amma abin da wani mai gidan haya ya yi min ya tsaya min a rai. Mun gama magana a waya, ina isa ya dubi fuskata ya ce an kama ɗakin, ya ja ƙofa ko ruwa babu. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ya raka ni ya ce, "Yaya, sai haƙuri, mun saba." Ni dai ba zan so 'yarmu ta saba da wannan ba. Ga shi jihar ta hana yanka saniya, sai kaza ko naman ɓauna.

A-daidaita-sahu kam iri ɗaya da ta Kano, Bajaj ce, daga can ake kawo mana ita. Direba ya ce rupi 400, muka ja har 150. In ba ka iya ciniki ba, sun cinye ka.

Kwana guda da 'yan awanni na yi a jirgin ƙasa kafin Hyderabad. Telugu ne yaren jiharsu ta Telangana, amma tsohon gari Urdu ake yi, sai ɗan Indiyancin da muka tsinta a fim ya yi min rana. Na yi Juma'a a Makka Masjid, dab da hasumiyar Charminar da aka gina a 1591. Ana sallamewa wani dattijo ya riƙe hannuna, da ya ji daga Najeriya nake ya ce, "Ɗana, yau a gidana za ka ci." Biryani ce, wato dafa-dukan shinkafa, ta naman rago, ana ta ƙara min, matarsa tana aiko da shayi daga ciki. Sai na tuna gidajen cikin Badala. A unguwar Tolichowki ga 'yan Sudan, ga 'yan Somaliya, ga na Yaman, mai hijabi tana tafiyarta ba mai kallonta. Garin kuma cike yake da kamfanonin magani irin su Dr. Reddy's, abin da mai karatun magani ke nema kenan. Ɗalibai sun ja kunnena a kan rajistar baƙi ta FRRO, kada a wuce kwana 14 da sauka.

Bangalore kwana biyu na yi. Sanyi kamar Jos, cunkoson motoci kamar Legas, haya da tsada. Chennai ban kai ba, guzuri ya ƙare.

Daren jiya na zauna da Baba na ce Hyderabad. Yau Hajiya ta aika Kasuwar Rimi a sayo kuka da daddawa.