Shekara shida a ɗakin hoto

Jiya na miƙa makullin ɗakin hoton X-ray bayan shekara shida cif a wani asibitin karkara nan Jigawa, to bari in ɗan amayar da abin da ke cikina.

Wanda har gobe yake min ciwo, wata yarinya ce aka kawo ranar kasuwa, ta faɗo daga babur, likita ya rubuta hoton ƙugu. Uwar mijinta na tsaye a kanta na ce "Malama, kina da ciki?" ta sunkuyar da kai ta girgiza, ni kuma layi ya kai har baranda ga shi an ce man janareto saura kaɗan, kawai na danna. Bayan sati biyu sai ga ta wajen awo, ciki wata uku. Cikin fari ne fa, wace ƴar ƙauye ce za ta buɗe baki gaban surukarta ta ce e? Ni ɗan nan ne, na san wannan kunyar sarai, gaggawa ce ta rufe min ido. A karatu mun san hoto ɗaya ba kasafai yake cutar da ɗan tayi ba, amma wallahi hankalina bai kwanta ba sai da na ji ta sauka lafiya. Tun daga ranar sai dai "Inna ɗan jira mu a waje", sannan nas mace ta tambaye ta yaushe rabonta da al'ada.

Oga kuwa har da takardar tuhuma, wai na yi sakaci da rayuwar mutane. Mutumin da bajina na auna radiyeshan (hasken na'urar hoto) da jikina ya sha, wanda ya kamata a kai a karanta duk wata uku, ya shekara biyu a durowarsa! Ƙa'ida ta ce kar radiyeshan ɗin da ma'aikaci zai sha ya wuce milisibat 20 a shekara, ni wa ya san nawa na sha? Rigar dalma ta kariya daga radiyeshan ƙwaya ɗaya, ita ma duk ta karye don ninke ta ake kamar sallaya maimakon a rataye. Sau uku ina rubutawa, amsa ɗaya: "Malam ka yi haƙuri, ba kuɗi." Na yafe dai, amma kwafin takardun suna nan.

Kai da za ka gaje ni, kar ka riƙe yaro da hannunka wajen ɗaukar hoto, ba ubansa rigar dalmar ya riƙe abinsa. Kar ka kushe mai ɗori gaban majinyaci, can zai koma. Lasisinka na RRBN, hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti ta Najeriya, kar ka bari ya mutu.

Alamar dama da hagu da ake sa wa a jikin hoto tana durowa ta biyu, da kuɗina na saya, na bar maka.