Goyo a kujerun gaba: daga Njamena zuwa Alƙahira da 'yar wata goma

A tafiyar ƙasa da ƙasa jariri ba ya shiga jirgin sama kyauta, ko da a cinyar uwarsa zai yi tafiyar tun daga tashi har sauka. Shi ne abu na farko da nake gaya wa duk matar da ta tambaye ni, don da yawa a nan Kusiri, garinmu na Kamaru da ke kan iyaka da Njamena, haka suke zato. Yaron da bai cika shekara 2 ba ba a ba shi kujera sai in an saya masa, amma ana yanka masa tikiti, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa yawancin kamfanoni kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba suke karɓa, ban da haraji. Tikitin uwar ake dubawa a yi lissafin. In a kujerun gaba kika zauna, waɗanda ake ce wa fas kilas, to kason jaririn ma na manya ne, alhali ko taku ɗaya na wuri ba a ƙara masa ba.

Ni ba neman suna ya kai ni gaba ba. Inna ce aka yi wa aiki a Alƙahira, Yaya da ya raka ta ya bugo waya ya ce jinyar ta fi ƙarfin namiji, in taho da wuri. Dama an shirya zan bi su, takarduna da na yarinya sun kammala, ranar ce kawai ta matso. Kujerun baya sun cika a wannan makon, na gaba kaɗai suka rage. Yaya ya ce a yanka, shi zai biya.

Takardun nan su ne wahalar farko, kuma kujerar gaba ba ta sauƙaƙa ko ɗaya. 'Yar wata goma fasfonta daban, bizarta daban, kuma tun 2021 da Kamaru ta koma sabon tsari kuɗin fasfo ya zama sefa 110,000. Tunda ba tare da mahaifinta za mu fita ba, maigida ya rubuta takardar amincewa aka buga mata hatimi, na haɗa da takardar haihuwa. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Ana yi wa yara allurar a wata 9, rana ɗaya da ta ƙyanda, amma katin awo na asibiti ba shi ake nema a iyaka ba, sai an ciro mai ruwan ɗorawan, shi kuma ba ya fara aiki sai allura ta kwana 10. Sauƙin da ke ciki, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Da rana muka tsallaka gadar Ngeli zuwa Chadi, don ba a ƙetare kogin Logon da dare yadda aka ga dama. Muka sauka gidan Goggo a Njamena, daga nan sai filin jirgi na Hasan Jamus. A nan na fara ganin amfanin tikitin: layinmu daban, gajere, ban tsaya da goyo ina jan akwati a cikin cunkoso ba. A wurin bincike dokar ruwa tana nan, kwalba kada ta wuce mililita 100, amma abincin jariri da madararsa ba sa cikin dokar. Aka buɗe ɗan fulas ɗin kunun gyaɗarta aka duba aka mayar mini.

Watan Afrilu ne, zafin Njamena ya haura digiri 40, yarinya daga ita sai 'yar shimi. Cikin jirgi kuwa sanyi ne sosai. Hula da safa da rigar sanyi suna saman jakar hannu, kafin a rufe ƙofa na sa mata. Iskar jirgi kuma busasshiya ce irin ta tsakiyar hunturu, tana busar da leɓe da hanci. Na shafa mata man kaɗanya, ni kuma duk lokacin da aka zo da ruwa sai na karɓa, don mai shayarwa in ta bushe nono ma ja da baya yake yi.

Abin da na fi so mata su sani shi ne ba a goyo lokacin tashi da sauka. Mu da muka saba, yaro na motsi sai mu ɗora shi a baya mu ɗaure da zani da majanyi, amma a waɗannan lokuta biyu dole a kwance shi. Ma'aikaciyar jirgi ta kawo wani ɗan ƙaramin bel, ta zura nawa ta cikin madaukinsa, ta ɗaura wa yarinyar a ƙugu tana kan cinyata. Ta kuma yi mini bayanin abin shaƙar iska da ke faɗowa daga sama in an samu matsala: uwa ta fara sa nata, sannan ta sa wa ɗa. Zuciyar uwa ba ta son jin haka, amma dalilin a fili yake. In iska ta yanke a can sama, cikin ƙanƙanin lokaci mutum ke suma, uwar da ta suma kuwa ba ta da abin da za ta yi wa ɗanta. Saboda abin shaƙar nan ne ma ba a barin mai jariri ta canza kujera yadda ta so, sai a layin da ke da ƙari ɗaya, kuma ba a zaunar da ita a bakin ƙofar gaggawa.

Gadon jarirai da ake rataya wa a bango ban same shi ba, don jirginmu ƙarami ne, mai hanya ɗaya a tsakiya. A manyan jirage ake samunsa, sai an nema tun wurin yankan tikiti, kuma yana da iyakar nauyi, galibi wajen kilo 10 ko 11. Ko an samu, da zarar fitilar bel ta kunna saboda girgiza sai an ciro yaron an riƙe.

Kunne shi ne komai a wannan tafiya. Jirgi yana can sama fiye da mita 10,000, amma ana matsa iskar cikinsa ta zama kamar ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. In zai sauka nauyin iskar yana ƙaruwa, yana danna fatar cikin kunne. Akwai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa kunne da maƙogwaro, haɗiya ko hamma ke buɗe ta iska ta daidaita. Babba ya san ya haɗiye miyau, jariri bai sani ba, hanyar tasa kuma ta fi ƙanƙanta. Maganinsa tsotso ne. Likitan yara ya ce mini kada in cika mata ciki tun jirgi yana rarrafe a ƙasa, in jira sai ya fara gudun tashi, sannan in ajiye mata yunwa kaɗan don lokacin sauka, domin saukar ta fi zafi, kuma tana farawa wajen rabin awa kafin a taɓa ƙasa, tun mutane ba su lura ba. Ya ƙara da cewa yaro mai mura ko ciwon kunne a kai shi a duba kafin tafiya. Da na gaya masa wata maƙwabciya ta ce in ba ta maganin mura mai sa barci, sai ya ɗaure fuska ya hana. Ya ce irin wannan magani yana iya danne numfashin jariri, wani yaron kuma maimakon barci sai ya birkice. Ina roƙon mata su bar wannan ɗabi'a, ko a jirgi ko a motar Marwa.

Tashi ya zo da sauƙi. Na lulluɓa mayafi na ba ta nono, kafin jirgi ya daidaita ta yi barci. Kujerar tana da faɗi, gwiwar hannuna ba ta taɓa kowa ba, na kwantar da ita baya na miƙe ƙafa, yarinya tana kan ƙirjina. Ga mace mai kunyar shayarwa a gaban maza, wannan fili ba ƙaramin abu ba ne. Da aka zo da abinci na ce a ajiye mini, don teburin ba ya buɗuwa da yaro a cinya. Aka ajiye, aka dumama mini daga baya. Shayi kam na ƙi karɓa gaba ɗaya. A gaba a kofin tangaran ake kawo shi da zafinsa, hannun 'yar wata goma kuma ba ya barin komai, ga jirgi yana iya girgiza ba sallama.

Wajen tsakiyar tafiya ta farka da kuka. A gaba kuka yana da nauyi, don wurin tsit yake, mutane kaɗan ne, kowa ya biya kuɗi mai yawa don ya huta. Wani mutum mai kwat a gefe ya ja tsaki, ya kira ma'aikaciya ya yi mata magana ƙasa-ƙasa yana nuno mu. Jikina ya yi sanyi. Fitilar bel a kashe take, sai na tashi na goya ta na ɗaure majanyi, amma hanyar gaba taku kaɗan ce daga labule zuwa ƙofar matuƙa, in je in dawo, kowa yana jin numfashina. Wani dattijo mai farar babbar riga da carbi a hannu, wanda na ji yana waya da Hausa tun a ƙasa, ya ɗago ya ce, "'Yata, kwantar da hankalinki. Yaro da kuka aka san shi. Duk wanda ke nan an taɓa goya shi." Na ce, "To Baba, na gode." Ya ciro carbin ya riƙa kaɗa mata shi a gefen fuska, ƙwayoyin suna ƙara, ta saki kukan ta miƙa hannu. Ya bar mata shi har ta sake yin barci.

Ban ga laifin mai kwat gaba ɗaya ba, wataƙila aiki ke jiransa da safe. Amma ban yarda cewa mai goyo ba ta da hurumi a kujerun gaba ba. Kamfani ya sayar mini da tikiti ya san da jariri, ya karɓi kuɗinta. Abin da ke kaina shi ne in yi iya ƙoƙarina: in shirya, in tashi da ita in ta fara, in canza mata ƙunzugu a banɗaki a kan allon da ke saukowa daga bango, kada in yi a kan kujera kusa da masu cin abinci. Bayan wannan, ba zan nemi gafarar kowa don 'yata ta ji ciwo ta yi kuka ba. Da saukar ta zo, kunnena na fara toshewa na tashe ta na ba ta nono, ta ɗan yi ƙorafi, muka sauka Alƙahira lafiya bayan tafiyar kusan awa huɗu.

Dawowa a baya muka zauna, ni da Inna da ta samu sauƙi, Yaya yana layin bayanmu. Wuri a matse, gwiwata tana dukan kujerar gaba, yarinya tana jan ɗankwalin matar da ke gabanmu. Amma jirgin cike yake da matanmu, 'yan kasuwa da masu dawowa daga asibiti, ana Larabcin Shuwa ana Hausa ana Fillanci. Ko kukan kirki ba ta fara ba wata Hajiya ta miƙo hannu ta ce, "Kawo ta nan ƙanwata, ci abincinki." Daga hannunta ta koma hannun wata, har sai da na miƙe ina leƙen inda take. Na ci abinci da hannu biyu, na shiga banɗaki ba tare da tunanin wa zan bar wa ita ba. A gaba da na so shiga, sai da na jira ma'aikaciya ta gama hidimarta ta riƙe mini ita na ɗan lokaci, don ba zan ɗora wa dattijo ɗawainiya ba. Hanyar baya kuma doguwa ce, mai goyo tana iya kai da komo, ƙugin injin ma ya fi ƙarfi a can, yana haɗiye kukan yaro yana kuma sa shi barci.

Saboda haka da matar ƙanena ta zo neman shawara, ita ma za ta fita da ɗanta, ban ce mata gaba ta fi ba. Na ce mata in tafiyar doguwa ce ta dare, ko bayanta bai gama warwarewa daga haihuwa ba, ko an yi mata aiki, kuma akwai hali, kujerar gaba ta cancanci kuɗinta, don jikin uwa take hutarwa. In kuwa awa uku ko huɗu ne irin namu, gara ta ɗauki kuɗin ta yi ɗayan biyu: ta tafi da wata babba da za ta kama mata, ko ta saya wa yaron kujerarsa a baya ta ɗaura masa kujerar mota irin wadda kamfanin ya amince da ita, domin masana tsaron jirgi sun ce hakan ya fi riƙo a cinya aminci in an shiga girgiza mai ƙarfi. Na kuma ce ta tambayi mai yankan tikiti irin jirgin da za a shiga da ko yana da gadon jarirai, ta tabbatar sunan yaron ya fito a takarda daidai da yadda yake a fasfo. Babba ɗaya jariri ɗaya ake bari a cinya, mai tagwaye sai da mataimaki. Ta kuma lissafa watannin ɗanta da kyau, don nata ya kusa cika biyu, kuma yaron da ya cika shekara 2 a can kafin ranar dawowa dole a saya masa kujerarsa a tikitin dawowa.