Kasuwar da ta mutu a tsaye

Asabar, bayan sallar isha'i.

Ƙafafuna har yanzu zugi suke, amma gara in rubuta kafin barci ya kwashe ni, don na san halina, gobe sai in ce ban tuna rabi ba.

Wajen ƙarfe goma Yaya ya iso ƙofar gida yana danna ham. Mutumin Damagaram ne, ya haura shekara ashirin da biyar a Ohayo, ba mu haɗa jini ba amma duk ɗaliban da ke nan Yaya muke ce masa. Wata biyu ke nan ina damunsa ya kai ni in ga irin manyan rukunin kantunan nan da ake kira mol da suka mutu, waɗanda nake kwana kallo a YouTube. Ina shiga mota ya dube ni ya ce, "Malam, mutane na zuwa Amurka su ga abin da ke da rai, kai kuma gawa ka zo nema?" Na yi dariya kawai, na ɗaura bel.

Mun fara da North Randall, gefen Kilibland. A nan Randall Park Mall yake a da. An buɗe shi a 1976 a filin da ake sukuwar dawaki, lokacin ana kirarinsa da cewa babu mol mai girmansa a duniya. A 2009 aka rufe shi, daga baya aka rushe. Yau abin da ke wurin katafaren sito ne na Amazon, fari fat, ba taga ba ado, tireloli na shiga suna fita. Yaya ya rage gudu, ya nuna wani ɓangare da haɓa, ya ce a daidai can ya sayi rigar sanyinsa ta farko a ƙasar nan. Ko tsayawa ba mu yi ba. Me za ka ɗauka a hoto? Ya ce haka aka yi wa Rolling Acres na Akron, wanda aka buɗe a 1975 aka rufe a 2008. Shi ne wanda hotunansa suka zaga duniya, rufin gilashi ya fashe, dusar ƙanƙara ta kwanta a kan matakalar lantarki. Shi ma yanzu sito ne na kamfanin nan dai.

Sai muka miƙa zuwa wani da bai gama cikawa ba. Ba zan faɗi sunansa ba, akwai masu cin abinci a ciki har yanzu.

Filin ajiye motocinsa ya isa a yi sallar idi, amma ɓangare ɗaya kawai aka share wa ƙanƙara, bakin ƙofa guda. Sauran fari tas, ko sawun taya babu. Muna tura ƙofa ɗumi ya buge mu, tare da wani wari irin na dardumar da ta sha ruwa ta bushe a ɗaki. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne tsabta. Na zaci zan ga kango. Ina! Fitilu a kunne, tayil na sheƙi, wani kiɗa mai sanyi na fitowa daga silin, kuma ba kowa. Kana jin ƙarar takalminka yana zuwa yana dawo maka. Shago bayan shago an ja ƙofar ƙarfe. A saman kowanne an cire haruffan suna, amma fentin da ke ƙarƙashinsu bai koɗe ba, don haka kana iya karanta sunan shagon da ya tashi, kamar shatin zobe a yatsan wanda ya daɗe da shi. Na tsaya ina karantawa ɗaya bayan ɗaya har Yaya ya gaji ya wuce.

A tsakiya akwai wurin da ruwa ke tsartuwa a da. Ya ƙafe, an jera tukwanen furen roba a ciki, ƙura ta yi musu hula. Na hango 'yan kwabbai da suka maƙale a magudana. Gaba kaɗan bokitai bakwai a jere suna tarar yoyo, kowanne da irin sautin ɗigonsa.

A kan wani benci Yaya ya yi mini karatun yadda abin ke mutuwa, don shi ya gani da idonsa. Ya ce irin wannan gini a kan manyan kantuna biyu zuwa huɗu yake tsaye, waɗanda ake sawa a kowane ƙarshe, irin su Sears da JCPenney da Macy's. Su ke jawo jama'a, ƙananan shaguna kuma su ci albarkacin masu wucewa, kamar yadda ƙadangare ke shan ruwan kasko albarkacin kaza. To a takardar hayar ƙananan shaguna da yawa akwai sharaɗin cewa in babban kanti ya tashi, za a rage musu kuɗin haya, ko ma su tattara su tafi. Ka ga ke nan ɗaya na faɗuwa sai ya ja saura. Sears ya shelanta karyewa a 2018, JCPenney a 2020, ga sayayya ta intanet, ga kuma an gina mol ɗin fiye da kima tun farko, wannan na cin kasuwar wancan. Kuɗin haya na raguwa, mai gini ya daina gyaran rufi, sai bokiti.

Muna zaune sai ga su. Tsofaffi, maza da mata, bibbiyu uku-uku, da takalman motsa jiki, suna zagaye ginin da sauri suna hira. Wata tsohuwa mai sanda ta ɗaga mana hannu a zagayen farko, a na biyu ta ce mana yau sanyin waje ba ya da kirki, a na uku har ta san daga Afirka muke. Ashe kullum suna nan. Ga ɗumi kyauta, ga ƙasa ba santsi, ga banɗaki. Ba sa sayen komai, amma su ne suka san juna, su ne in ɗaya bai zo ba ake tambaya.

Abin kunyar yau a wajen mai gyaran agogo ya same ni. Wani dattijo ne mai ɗan kes a tsakiyar hanya, shagunan dama da hagunsa duk a rufe, shi kaɗai da fitilar tebur da gilashin ƙara girma a ido. Wallahi hoton ya yi kyau. Na ɗaga waya ban ko yi sallama ba. Bai ɗago kai ba ya ce, "Gyara ka kawo, ko kai ma hoto ka zo ɗauka?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ya juya baya yana tari, na san dariya yake. Allah ya taimake ni agogon hannuna ya kwana biyu da tsayawa, sai na kwance na miƙa. Ya ɓalle bayansa da wata 'yar wuƙa, ya ɗauko batir ƙarami kamar ƙwayar magani da hantsaki, ya hure ƙura, ya mayar. Yana aiki yana magana, ba faɗa ba. Ya ce kusan kowane mako sai samari sun zo da kyamara suna raɗa kamar a maƙabarta, su ɗauke shi su tafi, ko batir ba sa saya. Na tambaye shi me ya hana shi tashi. Ya ce hayar nan ta yi araha yanzu, kuma masu kawo masa gyara nan suka sani.

Azahar a wani lungu muka yi ta, gaban tsohon shagon takalma, na shimfiɗa jaket. Mai gadi ya zo ya tsaya nesa har muka sallame, sannan ya ce in muna so akwai kujeru a wurin cin abinci. Mun je. Tebura sun fi hamsin, mai sayar da abinci ɗaya. Muka sha shayi.

A nan na ba Yaya labarin da ni na sani shi bai sani ba, na Victor Gruen, mai zanen gine-gine da ya gudo daga Biyana a 1938. Shi ya zana Southdale a Minesota, wanda aka buɗe a 1956, mol na farko irin wannan mai rufi da na'urar daidaita zafi da sanyi. Burinsa ya yi wa mutanen bayan gari dandali, da gidaje da makaranta da asibiti a kewaye. Masu kuɗi suka ɗauki shagunan suka bar sauran. Kafin ya mutu a 1980 ya fito fili ya barranta da abin da aka mayar da tunaninsa. Yaya ya nuna tsofaffin da ke zagaye da kofinsa, ya ce, "To ai ga dandalin nasa nan, sai da ciniki ya mutu ya samu."

A hanyar dawowa muka yi musu. Ni na ce wannan ba zai faru a gida ba. Sabon Gari ta ci wuta a 2016 ta farfaɗo, Kwari ruwa ya shiga ya ɓata kaya, washegari mutane na shanya atamfa suna ciniki, saboda can ba kanti ɗaya ke riƙe da kowa ba, dubban mutane ne da bashin juna a wuyansu. Yaya ya ce kada in cika baki, ai Shoprite ya rufe reshensa na Ado Bayero Mall a farkon 2024. Na ce mol daban, kasuwa daban. Ya ce in jira 'ya'yana su girma da waya a hannu sannan mu sake maganar. Ba wanda ya ci wani, muka tsaya shan mai.

Sai da na zo alwalar magariba na lura da abin da dattijon nan ya yi. Tun da na zo ƙasar nan agogona a lokacin Kano na bar shi, awa shida gaba, don in san sa'ad da zan kira Hajiya. Shi kuma da ya sa batir, sai ya saita mini shi daidai da Ohayo. Ban mayar ba tukuna. Yanzu can ƙarfe uku na dare ya wuce, kiran sai gobe.