Laraba: ƴar karya a kan teburina

Tun safe ake yayyafi, irin na Yorkshire a Ingila da ba ya tsayawa kuma ba ya ƙaruwa. Wajen sha ɗaya wata dattijuwa ta shigo asibitinmu na dabbobi rungume da ƴar karyarta, jinsin Jack Russell mai wata goma sha huɗu. Ba ciwo ya kawo su ba. So take in duba mata ita kafin ta fara kai ta gasar karnuka, daga baya kuma a yi mata barbara. Burinta Crufts, babbar gasar da ake yi a Birmingham duk watan Maris.

Na fara da baki. Haƙora 42 cif, na sama sun ɗan hau kan na ƙasa kamar almakashi, yadda alƙalai ke so. Ina ɗaga leɓenta sai na tuna Zariya, lokacin da muke buɗe bakin rago mu karanta shekarunsa. Da Inna za ta gan ni yau da hannu a bakin kare, salati za ta saka.

Tsayinta a kafaɗa santimita 28, tsakiyar 25 zuwa 30 da ƙa'idar jinsin ta yanka. Fari ya rinjayi jikinta, kunnuwa sun kwanta gaba, wutsiya ba a yanke ba. Na zagaye ƙirjinta da tafukana biyu ta bayan kafaɗu, yatsuna suka haɗu. Wannan awon ba ado ba ne: wani limamin coci na yankin Devon a Ingila, John Russell, ya kiwata kakanninsu ne don shiga ramin yanyawa, kuma mai faɗin ƙirji maƙalewa zai yi. Matar sai murmushi take, tana ta ba ni labarin yadda tun 2016 da Kennel Club, ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, ta amince da wannan jinsin take wannan mafarki.

Sai na ce ta zaga da ita a farfajiya. Taku biyar, shida, ƙafar baya ta hagu ta ɗage, ta yi ɗan tsalle, ta sauke, ta ci gaba kamar ba komai. Gabana ya faɗi. Muka koma tebur, na miƙe ƙafar, na ɗan tura ƙoƙon gwiwa da babban yatsa. Ya goce ciki, ya zauna can, sai da na lanƙwasa ƙafar ya koma da ɗan ƙas. Gocewar ƙoƙon gwiwa ce, mataki na 2 cikin 4 na tsananinta.

"Dokta, ai duk haka suke tsalle," in ji ta. Na sha jin wannan, kuma yawan masu tsallen shi ne matsalar. Na ce mata abin yana bin jini. Gasa, wataƙila ta dace da ranar da gwiwar ba za ta tona asiri ba. Amma haihuwa, ni dai ba zan ba da shawara ba, don ƴan kwikwiyon ne za su gada, da mutanen da za su saye su.

Ta yi shiru tana shafa kunnen karyar. Can ta tambayi ko tiyata za ta gyara. Na ce tana iya gyara gwiwa, ba ta taɓa abin da ke cikin jini.

Ta biya, ta karɓi takardar ranar ɗaukar hoton ƙashi. Ta taga na hange su a wajen ajiye motoci, karyar na jan igiya tana haushin wata tantabara.